Robar Birkin Motar Kawu

Kwana uku muka yi a kan tabarma a ƙofar gidan Kawu a Saulawa muna karɓar gaisuwa, kuma ban ga wanda ya zo ya tafi bai waiwayi motar ba. Tana nan gefen rumfar da aka kafa, a gindin darbejiya, inda ta shekara biyu a tsaye, an ɗora ƙafarta ta baya a kan kututture. Tsohuwar babbar mota ce mai bodin katako, irin wadda yanzu sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga 'yar'uwarta a kan titi. Mutum zai durƙusa ya ce ya haƙuri, mu ce da godiya, a ɗaga hannu a yi wa mamaci addu'a a shafa. Yana miƙewa sai ka ga idonsa ya tafi can, kamar ita ma yana so ya yi mata gaisuwa amma yana jin nauyin mutane.

Tsofaffin direbobi sun zo daga tashar Makarfi a mota guda. Ɗaya daga cikinsu, wanda haƙoransa suka zube saura biyu, ya zauna yana kallon motar. Can ya nisa ya ce, "Wallahi mun zage shi a hanya ba adadi. Kana bayansa da lodi kana sauri, shi kuwa yana tafe kamar mai rakiyar amarya. Amma shekara talatin ke nan ko kaza bai taka ba." Manoman rake sun zo daga Kudan, suka ce yanzu sai su ga wanda zai jira su gama ɗauri ba tare da ya cika musu kunne da hon ba. Limamin unguwa ya ce shi abin da ya sani shi ne an sami gurbi a sahun gaba na asuba. Ranar kwana biyu wata tsohuwar Bafillatana ta zo tana ɗingishi, da ƙwaryar nono a kanta. Kafin ta shiga cikin gida ta tsaya ta dafa katakon motar, ta yi magana da Fillanci wadda ban fahimta ba. Da ta shiga, kukanta ya fi na duk matan gidan, har sai da mahaifiyata ta koma tana ba ta haƙuri.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, ina aikin ofis a Ikara. Ban yi kuka ba, kuma har yau da nake wannan rubutu ban yi ba. Ana cewa Allah Ya jiƙansa ina cewa amin, ana miƙo hannu ina miƙawa, an kawo abinci na ci, amma ban san me na ci ba. Ban sami jana'izar Kawu ba. Ya rasu ranar Litinin da hantsi, aka kai shi bayan azahar, ni kuwa na sauka daga acaɓa mutane suna dawowa daga maƙabarta. Abin da ya hana ni yana cikin aljihuna duk tsawon kwana ukun nan: 'yar baƙar leda, a ciki robobin birki guda huɗu, kowace ba ta fi marfin kwalba girma ba. A lokacin ban san ko za su yi ba. Idan sun yi, motar Kawu mota ce. Idan ba su yi ba, 'yan gwangwan za su zo su yayyanka ta, don su ma sun zo gaisuwa, kuma sun fi kowa daɗewa suna kallonta. Sannan ni zan san cewa na bar sallar gawar kawuna a kan abin da bai amfani kowa ba.

Ina so in rubuta ko wane ne shi kafin a manta, don direba ba ya barin littafi.

Kawu gajere ne, siriri, mai 'yar furfura a haɓa. Bai taɓa zama a ajin boko ba. Akawu yake kirana tun ranar da na iya rubuta sunana, kuma ba don yabo yake faɗa ba. In ya ga ina danna waya sai ya ce, "Akawu, me ta ce yau? Za a yi ruwa ko sai mun tambayi gwiwata?" Ba ya ihu, ba ya rantsuwa. In ransa ya ɓaci sai ya ciro goro ya ɓara, ya yi ta kallon ɓarin kamar an rubuta masa wani abu a jiki. Duk gidan mun san in Kawu ya ɓara goro bai kai baki ba, to kowa ya nemi abin yi.

Kullum da safe, kafin ya karya, sai ya hau motar ya taka birki sau uku. Ya sauko ya zagaya ƙafafunta huɗu ɗaya bayan ɗaya, yana leƙa ciki ko mai ya ɗiga. Matarsa takan ce da ita ce ake duba wa lafiya haka da ba ta san ciwon baya ba. Shi kuwa ya ce, "Ke ai kina da baki, in abu ya same ki har maƙwabta za su ji." Yaran da suka zo koyon tuƙi wurinsa ba su cika daɗewa ba, don sai ka yi wata guda ba ka taɓa totur ba. Yakan ce musu kowane sakarai ya iya tafiya da mota, shi tsayawa yake koyarwa.

Motar kuma ba mota ɗaya ba ce. Sunanta dai ɗaya a takarda, amma kan na wata ne, giya ta wata ce, gindin baya kuwa, wato ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun baya, ya ciro shi ne daga wata da ta faɗa rafi a wajen Kudan tun ban shiga makaranta ba. Duk abin da ya lalace sai ya nemo a jikin wata matacciya ya ɗaura. Babu inda aka rubuta wannan. A kansa yake, shi da wani tsohon makanike na Makarfi, abokinsa tun suna samari, wanda muke kira Baba makanike. Su biyun in suna hirar motar za ka ɗauka zancen dangi suke yi: wannan daga gidan wane ta zo, waccan ta yi zama a wurin wane kafin ta iso.

Akwai abin da na yi masa ina saurayi wanda bai taɓa tayar da shi ba. Ranar da zan tafi makarantar kwana shi ya ɗauke ni, da akwatina a baya a kan ragowar ganyen rake. Da muka hango ƙofar makarantar na ga ƙananan motoci masu ƙyalli suna sauke ɗalibai, sai na ce, "Kawu, a sauke ni a nan." Ya dube ni, ya dubi ƙofar, ya gane. Ya gangara gefen titi ya kashe mota. Na ɗauka zai miƙo mini akwatin ya juya. Sai ya naɗe hularsa ya yi gammo da ita, ya ɗora akwatin a ka, ya wuce gaba ina biye har ɗakin kwananmu. Da zai tafi ya ce, "In sun tambaya ka ce ɗan dako ne." Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Labarin Bafillatanar nan kuwa mahaifiyata ce ta ba ni, shi bai taɓa faɗa ba. Yana da ƙuruciya a lokacin, ana cikin kakar rake, robar birkin ƙafa ɗaya ta fara zubar da mai. A cikin kowace ƙafar mota akwai 'yar tukunyar ƙarfe da man birki ke shiga ya tura, robar nan ita ke hana man tsiyayewa. Direbobi suna da dabararsu in ta mutu a hanya: a cusa ƙusa a bututun ƙafar a toshe shi, a tafi da birkin ƙafa uku. Kowa na yi, shi ma ya yi. A gangaren wata gada a hanyar Makarfi, da lodi har sama, ya taka birki motar ta ja gefe guda. Ya karkatar da ita rami, amma sai da gefen bodin ya make wata mata da ke tafe da nono a ka. Ƙafarta ta karye gida biyu. Shi ya kai ta wurin mai ɗori, shi ya yi ta zirga-zirga rugarsu har ta taka. Tun daga nan, duk ranar kasuwa, kujerar gaba tata ce, ƙorenta a baya, ko da kuwa mai kayan da ya ɗauko shi ne zai koma saman lodi. Kuma tun daga nan ƙusa ba ta sake shiga bututun motarsa ba.

Wannan ne asalin rigimarsa da babban ɗansa. Ɗan nasa taubashina ne, sa'ana, tare muka tashi muna tsokanar juna. Shi ma direba ne, bas yake ja tsakanin Ikara da Zariya, kuma ba ya rakiyar amarya. Shekara biyu da suka wuce robar ƙafar baya ta hagu ta mutu. Aka nema a Ikara babu, a Makarfi babu. Manoma sun sare rake suna jira. Ina wurin, sai taubashina ya ce, "Baba, a toshe ƙafar mana, a kwashe kayan nan. Ƙafa uku ai sun isa wannan tafiyar taka ta hawainiya."

Kawu ya ce, "Ba a motata ba."

"To Baba a zauna ana kallonta? Kowa fa haka yake yi."

"Na san kowa na yi. Na riga ka yi."

Taubashina ya ce, "Wallahi Baba wannan ba mota ba ce, kayan tarihi ce. A sayar da ƙarfen kowa ya huta."

Kawu ya ciro goro ya ɓara. Ya zare makulli ya jefa a aljihu, ya je da kansa ya ba manoman haƙuri, ya haɗa su da wani direba. Bayan 'yan watanni taubashina ya yi kuskuren da ya fi na farko: ya kawo 'yan gwangwan su ga motar, ba tare da ya faɗa wa uban ba. Kawu ya fito da carbinsa ya zauna a kan matakalar motar, ya yi ta ja har suka gaji da tsayuwa suka tafi. Daga ranar, tsakanin uba da ɗa sai ina kwana, lafiya lau. Mahaifiyata ta yi magana, liman ya yi, kowanne sai ya ce ai babu komai.

Da damina ta ja baya bana jikin Kawu ya ƙi. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya, aka yi ta kai shi asibiti ana dawowa. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta inda yake hango motar. Wata Juma'a na je gaishe shi, ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro wani ƙullin tsumma baƙi ƙirin da mai. A ciki tsohuwar robar ce.

"Akawu," ya ce, "kai ne mai yawo. Ka nemo mini wannan."

Na ce, "Kawu, ai yanzu ta lafiyarka ake yi. Ina za ka je da mota?"

Ya ce, "Ba inda za ni. So nake a tashe ta, in kai ta bakin titi in dawo, in taka in ji ta tsaya. Kada in bar wa mutane abin da zai kashe wani." Ya huta, sannan ya ƙara, "Ka tafi da samfur ɗin. Kada ka ce musu sunan mota, sunan ƙarya ne. Ka miƙa musu wannan a hannu."

Haka ake sayen kayan tsohuwar mota a wurinmu. Ba a zuwa da suna ko lamba, da gawar abin ake zuwa, mai kaya ya riƙe ya juya ya gwada da nasa. Na san da haka. Amma ina sanye da farar shadda ranar, tsumman kuwa yana naso. Da na fito zaure na buɗe shi a kan dakali, na ɗauki hoton robar ta gaba da ta baya, har na ajiye biro a gefenta don a gane girma, ina jin kaina mai dabara. Na mayar da ƙullin na cusa a cikin motar ta taga.

A Zariya wani matashi mai shago ya dubi hoton, ya tambayi sunan motar, na faɗa masa. Ya ɗauko sababbi fil a cikin leda mai rubutu. Na dawo ina taƙama. Baba makanike ya zo daga Makarfi ya kwance ƙafar, ya saka robar a tukunya, ta faɗa ciki tana rawa. Bambancin bai fi kaurin farce ba. Ya fito da ita ya kai wa Kawu zaure. Kawu ya murza ta a yatsunsa, ya dube ni.

"Ina samfur?"

Na ce, "Na ɗauki hotonsa, Kawu."

Ya ce, "To. Ka ba wayar ta taɓa ta ji?"

Baba makanike ya yi dariya har da tari. Ni ma na yi, don ban ɗauka mako biyun da na ɓatar wani abu ba ne. Da na tafi da tsumman nan tun ranar farko, da wannan rubutun wani iri ne.

Daga nan na fara yawo da ƙullin a aljihu, ya ɓata mini riguna uku. Aka ce akwai wata matacciya irinta a bayan wani gida a Kudan. Na je na tarar kaji sun mayar da kanta akurki, mai gidan ya ce in kwance abin da nake so. Muka sha wahala muka buɗe tukunyar, robar ta marmashe a hannuna kamar ƙuli-ƙuli. Na je Janfalan wurin wani da aka ce ya taɓa riƙe irinta, ya ce ya sayar tun kafin ya aurar da 'yarsa ta fari. Na koma Zariya, wannan karon da samfur, aka yi ta miƙa ni daga rumfa zuwa rumfa. A ta ƙarshe aka ce in je Kano, can ƙuryar kasuwar kayan mota akwai wani dattijo da ba ya zubar da komai. In ba shi da ita, to in haƙura.

Ranar Lahadi da yamma na gaya wa Kawu. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai na sunkuya nake ji. Ya ce, "Huɗu za ka karɓo. In ɗaya ta mutu sauran suna hanya." Na ce to. Ya ce, "Allah Ya tsare." Maganarmu ta ƙarshe ke nan, kuma ina danna waya lokacin da ya faɗe ta.

Na isa Kano da hantsi. Rumfar dattijon ba ta fi ɗakin girki ba, kwalaye har rufi, duk sun yi baƙi. Na gaishe shi na miƙa ƙullin. Bai tambaye ni sunan mota ba. Ya goge robar da gefen rigarsa, ya zura ɗan yatsa a ciki, ya lumshe ido.

"Wannan gindin aro ne," ya ce. "An ciro shi daga wata an ɗaura wa wata. Mai motar nan yana raye?"

Na ce, "Yana raye, Baba. Kawuna ne."

"To ka gaishe shi, ka ce mun zama kaɗan. Ina jin akwai ragowar kwali ɗaya, amma a gida yake. Zauna in je in duba."

Ya hau kekensa ya tafi. Na zauna a kan benci. Bai fi minti ashirin da tafiya ba wayata ta yi ƙara. Taubashina ne. Bai yi sallama ba, bai tsokane ni ba. Ya ce, "Baba ya rasu. Bayan azahar za a kai shi." Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ya ce, "Kana ina?" Na ce Kano. Ya ce, "Ka taho yanzu, ka san ba za a jira ba."

Na sani. A wurinmu ba a ajiye gawa don wani yana hanya, ko da ɗan fari ne. Na dubi agogo na lissafa: in na tashi a lokacin, na sami mota ta cika da wuri, zan iya tarar da sallah. Na lissafa sau biyu, amsar ɗaya ce. Amma ban tashi ba. Na yi ta neman dalilin da zan ba kaina tun daga ranar, ban samu ba. Ba tunani na yi ba, ban ce bari in cika masa burinsa ba, ban ce komai ba. An ce in zauna in jira, sai na zauna. Wani yana dukan ƙarfe a rumfar gaba, ina ƙirga dukan. Mai shayi ya zo wucewa ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau.

Sai da aka kusa kiran azahar dattijon ya dawo, da ɗan kwali da ɓera ya ci gefensa. Ya fito da robobi huɗu, ya haɗa ɗaya da samfur baki da baki, suka zauna daidai. Ya ce, "Girma dai shi ne. Amma ka ji gaskiya, sun fi ka daɗewa a duniya. Roba in ta tsufa a kwali, wata ta riƙe mai, wata tana jin nauyin ƙafa ta tsage. Sai an ɗaura za a sani." Ya sake cewa in gaishe da mai motar. Na ce zai ji. Ban iya gaya masa ba.

Da na sauka a Saulawa, mutanen farko da na gani ƙafafunsu duk jar ƙasa ce. Suka riƙa miƙo mini hannu. Na wuce cikin gida wurin mahaifiyata. Tana zaune a ɗakin matar Kawu, ta jingina da bango. Na durƙusa a gabanta. Ta dube ni ta ce, "Ka samo?"

Na ce, "Na samo, Inna."

Ta ce, "Da asuba ya tambaya ko ka tafi. Aka ce ka tafi. Ya ce madalla." Ta gyara mayafinta. "Je ka zauna da maza."

Ranar kwana huɗu, da aka naɗe tabarmi aka kwance rumfa, Baba makanike ya zo da jakar sifanunsa ba wanda ya kira shi. Ya miƙo mini hannu kawai, na ciro ledar na ba shi. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar, ni ina miƙa masa abin da ya nema. Ya wanke tukunyar, ya shafa wa robar mai, ya tura ta da babban yatsa. Ta shiga da ƙyar, ya ce haka ake so. Ya bi sauran ƙafafun ya canja musu. Rana ta take kafin ya gama. Ya cika tulun birki da mai, ya ce saura fitar da iska, kuma wannan aikin mutum biyu ne: ɗaya a sama yana taka birki, ɗaya a ƙasa yana buɗe ƙaramin noti iska ta fita. Na kama ƙofa zan hau. Ya ce, "A'a. Kai ƙafarka ta ofis ce, ba za ka ji abin da take faɗa ba. Riƙe gwangwanin mai, in ya sauka ka ƙara."

Taubashina yana tsaye a bakin zaure tun ɗazu, ya harɗe hannu, yana kallon wani wuri daban. Baba makanike ya leƙo daga ƙasa ya ce, "Kai, ɗan gidan. Zo ka taka mini."

Ya sauke hannayensa ya tako a hankali. Sannan ya cire takalmansa, ban san don me ba, ya hau. Tun da can Kawu ya ɗaure wani tsohon matashin kai a kujerar don ya riƙa hango gaba, shi kuwa ɗan nasa dogo ne, sai gwiwoyinsa suka tokare sitiyari. Bai cire matashin ba.

"Taka," in ji Baba makanike. "Taka. Taka. Riƙe."

Ƙafar ta nutse har ƙasa, ba abin da ya tare ta. Mai ya fito da kumfa. "Saki." Na ƙara mai. Aka sake. Aka koma ƙafa ta biyu, ta uku. Ba wanda yake magana sai kalmomin nan uku. Mata suka fito bakin ƙofa suka tsaya. A ƙafa ta huɗu, ta baya ta hagu, wadda ta jawo komai, na ga cinyar taubashina ta fara ɗaurewa. Yana takawa, abin yana turo shi.

"Riƙe. Danna da ƙarfinka duka, kamar kana gangare da lodi. In za ta tsage ta tsage yanzu."

Ya dafa sitiyari da hannu biyu ya danna, har kujerar ta yi ƙara. Na tsaya da gwangwani a hannu ina kallon man da ke cikin tulun birki. In ya sauka, ta tsage. Na yi ta kallo. Bai sauka ba. Baba makanike ya bi ƙafafun huɗu da farin ƙyalle yana gogawa yana dubawa, ya fito yana kakkaɓe bayansa.

"Ta riƙe," ya ce. "Saki."

Ban ji komai ba. Na ɗauka in na ji kalmar nan wani abu zai kwance a ƙirjina, amma yana nan yadda yake. Robar ta yi, Kawu yana ƙarƙashin ƙasa kwana huɗu, ni kuma ban tsaya a sahunsa ba, duka ukun gaskiya ne. Allah Ka jiƙan bawanKa, Ka haskaka makwancinsa, Ka karɓi shaidar da mutane suka yi masa. Ka yafe masa, Ka yafe wa mu biyun da muka zo masa a makare.

"Saki mana, an gama," Baba makanike ya sake faɗa.

Na ɗaga kai. Taubashina ya kifa goshinsa a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa, ƙafarsa tana kan birkin ya danne iya ƙarfinsa. Na matsa zan yi masa magana, tsohon ya riƙe mini hannu ya girgiza kai. Muka tsaya a rana, mu da matan da ke bakin ƙofa, muna jira. Har aka kira la'asar bai ɗaga ƙafar ba.